Ranar da Aka Yi wa Mama Taransifa

Ni dai har yau idan na ji wani yana yabon zumuncin mutanen unguwarmu, kau da kai nake yi, don kada bakina ya suɓuce. Akwai zumunci, ban musa ba, muna zuwa suna, muna zuwa gaisuwar mutuwa kamar kowa. Amma na ga abin da aka yi wa Mama da idona, ba labari aka ba ni ba, kuma ba zan mutu da shi a ciki ba.

Mama ba ita ta haife ni ba, ba ma addininmu ɗaya ba. 'Yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, haihuwar Sabon Gari. Mahaifinta kafinta ne da ya zo Kano tun zamanin Turawa. A nan aka yanke mata cibi, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta da ɗa tilo da Allah Ya ba ta. Hausarta ta fi tamu, don mu gidan Barebari ne, kakanninmu daga Barno suka zo, kuma Baba har ya koma ga Allah harshensa bai saki ba. Ita kuwa idan tana magana a bayan labule, sai ka rantse wata tsohuwar cikin birni ce.

Aikinta haɗa waya a ofishin tarho, tun tana budurwa har ta yi furfura. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da kowa ke yawo da tasa a aljihu. A da, gidaje 'yan kaɗan ne ke da tarho a Fagge, namu yana ciki, wani baƙi mai nauyi a ɗakin baƙin Baba. Idan kana son Legas ko Maiduguri ko Anacha, ofis za ka kira, muryar mace ta amsa, ka ba ta lamba, ka ajiye kan ka jira. Ita tana can gaban wani katon allo mai ramuka, da abin ji a kunne, tana zare igiyar waya daga wannan rami tana sokawa a wancan. Kuma ƙa'idar aikin ce idan ta haɗa ku ta ɗan tsaya ta ji ko kun ji juna, can kuma ta sake leƙowa ta ji ko kun gama. Ke nan 'yan kasuwar Kantin Kwari, da masu kayan gyaran mota na Sabon Gari, da maƙwabtan da ke zuwa aron wayar gidanmu, duk ta kunnen Mama suka yi rayuwarsu. Kowa ya san haka. Ba wanda ya damu, don ba a taɓa jin ta maimaita ko tarin wani ba.

Baba ya kan tsokane ta. "Madam, jiya me abokina ya ce wa mutumin Legas?"

"Alhaji, jiya layin ba kyau," ta ce, fuskarta ba alamar wasa. Sai ya yi ta dariya har hularsa ta karkace.

Da ta yi ritaya, ba a daɗe ba aka sayar da gidan da take haya a Sabon Gari. Baba ya aika aka kwaso kayanta, ya ba ta ɗakin gefen gidanmu a Kwaciri, mai ƙofarsa daban ta lungu. An yi surutu, a ce Alhaji guda ya ajiye Kirista a gida. Ko a jikinsa. A gabanmu duka ya faɗa, da ni da Inna da yayana, cewa ɗakin nan na Madam ne har ranar da za a fitar da ita a kwance.

To, ritayar Mama dai a baki ce. Haɗa mutane ta ci gaba da yi, sai dai yanzu da ƙafa. Ko me ya dame ka, ta san wanda ya kamata ka gani, kuma ba kwatance za ta yi maka ba, lema za ta ɗauka ta sa ka a gaba. Yarinyar da ke son koyon ɗinki, tsohon da fanshonsa ya maƙale, ɗan Sabon Gari da ya yi faɗa da mai shagonsa Bahaushe, duk ƙofar lungun nan suke nufa. Idan aka yi rasuwa kuma ana tsoron wanda zai kai labari, ita ake turawa, don ta iya. Ranar da na haifi ɗan farina na zubar da jini har na daina gane mutane. Mazan gidanmu suna tsaye a barandar asibiti suna salati, jininsu bai yi daidai ba. Mama ta fita ba ta ce wa kowa komai ba, ta dawo da wasu kanikawa 'yan cocinsu, da baƙin mai a hannayensu. Jinin mutanen nan ne a jikina har yanzu da nake wannan rubutu. Shi ma yayana, da yake ta hura hanci a Kwari yau, wa ya haɗa shi da dilan kudu da ya fara ba shi kaya? Ya faɗa in yana da gaskiya.

Baba ya rasu, shekaru suka tura, gigin tsufa ya fara taɓa Mama. Da fari ƙananan abubuwa ne, ta bar tukunya a wuta, ta yi shirin coci ranar Talata. Daga baya ta samo wani tsohon faifai da tsinkayen tsintsiya. Da hantsi sai ta zauna a kan benci a ƙofar ɗakinta, ta ɗora faifan a cinya, ta rufe kunne ɗaya da tafin hannu, tana soka tsinke nan tana zarewa can. "Ina jin ka, wace lamba? Riƙe layi." A ganinta tana bakin aiki. Ba ta cutar da kowa, tana cin abincinta, tana gane mu wani lokaci. Inna ke yi mata wanka, ni kuma ina zuwa daga gidana in yi mata kitso. Da an bar mu haka, da Mama ta ƙarasa kwanakinta lafiya lau.

Sai ranar sunan ɗiyar Yaya. Bayan azahar tsakar gida ta cika da mata, ana ta rabon waina da miyar taushe, Mama tana gefe da faifanta. Kawai sai muka ji muryar Baba. Wallahi muryar Baba, da kaurinta, da Hausarsa ta Barebari, daga bakin tsohuwar nan.

"Kina ji na? Yaya jikin yarinyar? Kada ki bari tsofaffin nan su yi mata tsaga, asibiti za ki kai ta."

Sai ta sauya, ta koma wata siririyar murya mai kunya. "To, Alhaji."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike, na san ki. Je ki ci, zan sake kira."

Ya kuma kira ta da wani suna na yarenmu wanda ban taɓa sanin yana kiran Inna da shi ba. Yarinyar da ake maganar ni ce, ina goye lokacin, Baba yana Maiduguri. Inna ta saki ludayin hannunta, tana kuka tana dariya, tana rufe fuska da mayafi kamar amarya. Mata suka ɗauki kabbara, wasu suna share hawaye. Ni ma na yi kuka, don ban zaci zan sake jin muryar nan a duniya ba.

Daɗin bai kai a sha ruwa ba. Ina kallo wata Hajiya, maƙwabciyarmu, ta ajiye kwanonta a hankali, ta zuba wa Mama ido. Sai wata ma. Kowace ta yi lissafin abu ɗaya a zuciyarta: idan tsohuwar nan ta ajiye wannan tsawon shekarun nan, kalma da kalma, to me ta zubar? Kafin la'asar gidan suna ya watse, ga waina jibge ba mai ci.

Daga ranar mutane suka rabu biyu, kuma ban san waɗanda suka fi mugunta ba. Akwai waɗanda suka ɗauke ƙafa. Manyan mutane, waɗanda Mama ta yi wa ɗawainiya har takalminta ya cinye, suka koma zagayawa ta ɗaya lungun don kada ta ji muryarsu ta tuna da su. Akwai kuma waɗanda suka fara zuwa, waɗanda a da ko sannu ba sa yi mata. Mata da kwanon fura, da 'yar ledar tsire, su zauna kusa da ita suna washe baki. "Mama, haɗa ni da gidan Alhaji wane mana." 'Yan samari suna tsaye da wayoyinsu suna ɗauka. Na kori mutane a ƙofar nan har muryata ta dishe, na taɓa watsa wa wata furarta a zani, kuma ban yi nadama ba. Amma ni ina da gidana da shagona, ba zan kwana a lungu ina gadi ba.

Me suka samu? Na zauna da ita kwanaki da yawa, na ji abin da ke fitowa. Farashin atamfa na zamanin da, gaisuwa, a gaida mutan gida, wani yana ihu ba ya ji, wata tana kukan rasuwar uwarta. Rayuwar mutane ce kawai, mafi yawansu ma suna kabari. Sau ɗaya ne ta yi wata murya ta mace, ta ce, "Ka zo bayan la'asar, ba ya nan." Shi ke nan, ba suna, ba komai. Wa ya sani ko tela ake gaya wa, ko mai gyaran famfo? Amma kafin mako ya zagayo an rataya maganar a wuyan wata dattijuwa mai jikoki, wadda ba ta fita ko ƙofar gida sai da dalili. Jikokinta suka zo har gidanmu da sanduna. Mako na gaba aka sauke mata, aka rataya wa wata. Wadda ta ɗauki maganar ta yaɗa, ba wanda ya ce mata kanzil. Tsohuwar da ba ta san inda kanta yake ba, ita ce mai laifi.

Sai aka yi zama a ɗakin baƙin Baba, wanda ya zama na Yaya. Dattawan Kwari sun zo, waɗanda gemunsu ya yi fari fat. Wani dattijon cocin su Mama ma ya zo, mai babban shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari, don ashe su ma can hantar cikinsu ta kaɗa, an ce Mama ta kan yi muryoyin nan da yarensu ma. Tunda nake ban taɓa ganin Fagge da Sabon Gari sun yi baki ɗaya da sauri irin na ranar ba. Ko shayin da aka kai musu bai huce ba suka gama. Kuma ba wanda ya ce tsoro yake ji, a'a, tausayi ne ya kama su. Wai bai dace baiwar Allah ta ƙare a hannun bare ba, a mayar da ita cikin danginta. Dangin nan wani jikan ƙanen mahaifinta ne a wani ƙauye can kudu, wanda dattijon cocin ya tono. Zuwan Mama ƙauyen bai fi a ƙirga da yatsu ba, shi ma biso ke kai ta, ta juyo.

Da labari ya iso ni, ko mayafi ban yafa daidai ba na zo. Na tarar da Yaya a zaure.

"Yaya, Baba ya ce ɗakin nan nata ne. A gabanka ya faɗa."

"Baba bai san za ta haukace ba."

"Ba hauka ba ne, tsufa ne, kai ma yana nan tafe gare ka. In ɗakin ne ya tsone maka ido, ba ni ita."

"Ki kai ta ina? Gidan naki ba a Fagge yake ba? Mutane suna da mutunci, ke ba ki san komai ba."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Yaya, wai me ka faɗa a waya ne?"

Ya ɗaga hannu, sai da na runtse ido. Bai mare ni ba, amma na san na taka wani abu. Har yau ban san ko mene ne ba, kuma ba na son sani. Na koma gida na roƙi maigidana, shi kuma a shagon Yaya yake zama, ya ce kada in jawo masa. Na je wurin matan cocinsu, suka ce dattawa sun riga sun yanke. Ranar na san ba ni da kowa a garin nan sai bakina.

Matsalarsu ɗaya, Mama ta ƙi tafiya. Da jikan ya iso aka ce ta tashi a je gida, ta ce wane gida, ita tana bakin aiki, su matsa suna tare mata haske. Aka lallaɓa, aka yi mata tsawa, ta riƙe ƙafar benci. Ba sa son a ɗauke ta ta ƙarfi a ga abin kunya a lungu. Dattijon cocin ne ya kawo dabarar, Allah Ya saka masa daidai da aikinsa. Washegari ya sa kwat da taye, ya rataya tabarau, ya zo ya tsaya a kanta. Ya yi mata Turanci, irin na manyan ofis. Ya ce daga hedikwata yake, an yaba da aikinta, an buɗe sabon ofishin tarho a kudu ba su da ƙwararriya, don haka an yi mata taransifa. Gobe za ta tafi.

Mama ta ajiye faifai, ta dafa bango ta miƙe tsaye, abin da ta daɗe ba ta yi da kanta ba. Ta haɗa ƙafafu, ta amsa masa da ladabi, ta yi godiya. Fuskar nan tata ta yi haske. Matar da ta yi aikin gwamnati shekara da shekaru ba ta taɓa yin musu da na gaba da ita ba, sun san da haka, da shi suka kama ta.

Suna fita na durƙusa a gabanta na riƙe hannayenta. "Mama, ƙarya suke. Babu wani ofis. Kin yi ritaya tun tuni. Korar ki za su yi, Mama, ki ce ba za ki ba."

Ta zare hannunta, ta harare ni. "Yarinya, wa ya koya miki shiga layin mutane? Sauka."

Na faɗa na sake faɗa, har na ga ranta ya fara ɓaci. Na ƙyale ta. Gaskiyata ba ta da kwat da taye, ba ta shiga ba.

Da safe ta riga kowa shiri. Ta tono farar riga da baƙin siket daga ƙasan akwati, siket ɗin ya yi mata yawa har sai da Inna ta ɗaure mata shi da igiyar zani. Ta shafa hoda. Motar Yaya tana bakin lungu za ta kai su tashar Sabon Gari, inda manyan motocin kudu ke lodi. Mutane sun fito ƙofar gidajensu, har da masu zagaye lungu, yau kowa ya samu ƙarfin halin zuwa sallama. Sai ga Mama ta koma kan benci, ta ɗauki faifai, ta rufe kunne.

Jikan ya ce, "Mama, mu je, mota za ta tashi."

"Wa zai karɓe ni?"

Aka yi cirko-cirko. Ta ce ba a barin allo ba kowa. Ko gobara ake yi, mai haɗa waya ba ta tashi sai mai canjinta ta zauna, haka aka koya mata, kuma ba yau za ta fara aikin banza ba don an ƙara mata girma. Matar Yaya ta yi wuf ta zauna kusa da ita tana murmushi, ta miƙa hannu. Mama ta kalle ta sau ɗaya ta ce, "Ba wannan ba. Wannan bakinta ba ya rufuwa." Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya mayar da ita tari. Aka kawo wata, ta ƙi. Rana tana ɗagawa, direba yana danna ham, Yaya yana gumi yana duba agogo. Ni ina jingine da bango ina addu'ar Allah Ya sa motar kudun ta tafi ta bar su. Yaya ya kallo ni, na ce masa ko da wasa kada ya ce in zauna a bencin.

Sai ya shiga cikin gida. Ina jin muryarsa daga lungu. "Inna, ke kaɗai za ta yarda da ke. Ki rufa mini asiri, mutane suna kallo." Inna ba ta taɓa iya ce wa ɗan farinta a'a ba, ko sunansa ba ta faɗa. Na shiga da gudu na ce, "Inna, kada ki fita. In ba ki fita ba, ba inda za ta." Ta dube ni, ta dube shi. Ta ɗauki mayafinta.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan a duk labarin. Ba su iya yin aikinsu da hannunsu ba, sai da suka ari hannun tsohuwar da ke yi mata wanka.

Inna ta zauna a bencin. Mama ta ƙare mata kallo, ba ta gane ta ba, amma ta gyaɗa kai. "Ke kin yi. Sabuwa ce ke?"

"Sabuwa ce," in ji Inna, da ƙyar.

Mama ta ɗora mata faifan a cinya, ta kama hannunta ta kai mata kunne, ta gyara mata zaman yatsu. Sai ta shiga ba ta amanar aiki, a nutse, kamar ba mota ke jira ba. "In labarin mutuwa ne, kada ki haɗa kai tsaye, fara nemo maƙwabci ya je ya tsaya kusa. In talaka ne lokacinsa ya cika yana tsakiyar kuka, ki yi kamar ba ki ga agogo ba, ba wanda zai kama ki." Sai ta ƙara da cewa, "Akwai wani Alhaji Babarbare, yana kira daga Maiduguri da yamma. Ki nema masa layi mai kyau, ko za ki sa wani ya jira. Matarsa yarinya ce, ba ta cin abinci in ba ta ji muryarsa ba."

Inna ta ce, "To." Hawaye yana bin haɓarta yana ɗiga a kan faifan.

"Kada ki yi kuka a bakin aiki, ana ji a layi."

Daga nan ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta bi jikan. Ta ɗaga wa mutanen lungu hannu, suka ɗaga mata, har da masu cewa Allah Ya kiyaye hanya, Allah Ya sa a dace da sabon wuri. Ban raka ta tasha ba. Inna kuwa tana nan zaune a bencin, hannu a kunne, har aka kira azahar. Sai da na ɓamɓare yatsunta na shigar da ita ciki. Kafin Juma'a ta zagayo an share ɗakin Mama an cika shi da dilolin yadi.

Na yi ta sintiri shagon dattijon cocin ina neman lambar jikan. Yau ya ce wayarsa ta lalace, gobe ya ce ya fita. Da na ishe shi da rashin kunya a gaban masu sayayya, ya ba ni. Sau ɗaya aka ɗauka. Na roƙa aka kai mata wayar kunne, na ce, "Mama, ni ce, daga Kano." Na ji numfashinta ya sauya. "Kano? Kano ce? Riƙe layi, kada ki sauka, tun yaushe nake neman Kano." Sai jikan ya karɓe ya ce tana tayar da hankali, kada in sake kira. Bayan nan lambar ba ta ƙara shiga ba.

Wata rana, an kwana biyu sosai, na shiga Sabon Gari neman wani ƙarfen janareta. Ina tsaye mai shago yana dubawa, idona ya faɗa kan bango. Kun san yadda suke liƙa fostar mamaci da hotonsa. Wannan fostar, rana ta cinye ta, ruwa ya dake ta, an ma liƙa tallar wani taron coci a kan rabinta. Rabin fuskar da ya rage na Mama ne. An binne ta tun kafin damina. Dattijon ya sani, shagonsa yana bayan layin, bai ga dalilin aiko wa Fagge ba.

Wata mai sayar da abinci a wurin ta ga na zauna a ƙasa, ta kawo mini ruwa. Ashe 'yar wajen ƙauyen ce, ta je bison. Ita ta ba ni sauran labarin, da Hausarta ta Sabon Gari. Ta ce kullum da safe Mama sai ta sa farar rigar nan ta tsaya a bakin hanya da jaka, tana jiran motar ofis. Da suka gaji da kamo ta, suka riƙa kulle ta a ɗakin baya. Daga nan ta daina yarensu gaba ɗaya, sai Hausa, wuni take tana yi, murya iri-iri, ta maza da ta mata. Ba mai jin ko kalma ɗaya. Yara suna taruwa a taga suna kwaikwayonta.

Ban sayi ƙarfen ba. Na hau adaidaita na wuce Kwari kai tsaye. Yaya yana zaune a shago, ana auna wa wani baƙo shadda. Ban yi sallama ba.

"Mama ta rasu."

Ya ce innalillahi, ya shafa fuska. Sai ya matso, ya rage murya don kada baƙon ya ji.

"Ta yi wata magana kafin ta cika?"

"Ta yi," na ce. "Ta yi ta yi, wata da watanni, ba dare ba rana. Da Hausa. Ba wanda ya gane abin da take cewa."

Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. Ya juya ga baƙon ya tambaye shi ko yadi goma zai isa.